Horon Gina Hanyoyin Ƙafa Masu Ɗorewa a Dazuzzukan Amurka

Horon gina hanyoyin ƙafa masu ɗorewa tsarin koyarwa ne da ya bunƙasa a Amurka, inda ake koya wa masu aikin sa-kai da jami'an da ke kula da filayen gwamnati yadda ake tsara hanya a cikin daji ko kan dutse, a haƙa ta, a kuma riƙa gyara ta. Hanyoyin da ake nufi siraran turbobi ne na masu tafiya a ƙasa da mahaya dawakai da masu hawan keke. Galibinsu faɗinsu bai kai mita ɗaya ba, kuma ba a zuba musu kwalta. Ana ce wa hanya mai ɗorewa idan ta jure wa ruwan sama da tattakin jama'a shekara da shekaru, ƙasarta ba ta zaizaye ba, ba ta zubar da laka a rafi ba, kuma gyaranta bai fi ƙarfin masu kula da ita ba. Jigon horon gaba ɗaya shi ne sanin halin ruwa a kan gangare, domin ruwa ne ke kashe hanya fiye da ƙafar mutum ko kofaton doki.

Asalin wannan tsari yana da alaƙa ta ƙut-da-ƙut da Hanyar Afalachiya, doguwar hanyar ƙafa da ta bi jerin duwatsun gabashin Amurka. Benton MacKaye, masanin gandun daji da tsara yankuna, shi ne ya kawo shawarar gina ta a wata maƙala da ya wallafa a watan Oktoba na 1921. An buɗe sashenta na farko a 1923 a yankin Bear Mountain na jihar New York, aka kafa ƙungiyar da za ta haɗa kan masu aikin a birnin Washinton a 1925, sannan aka kammala haɗe sassanta a watan Agusta na 1937 ƙarƙashin jagorancin Myron Avery, wani lauya da ya shugabanci ƙungiyar daga 1931 zuwa 1952. A yau tsawonta ya kai kimanin kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14 daga Dutsen Springer a Jojiya zuwa Dutsen Katahdin a Maine. Mafi yawan aikin farko 'yan ƙungiyoyin yawon daji ne suka yi shi a ranakun hutunsu, sai kuma taimakon matasan rundunar CCC, wadda gwamnatin Franklin Roosevelt ta kafa a 1933 don samar wa marasa aiki abin yi, ta kuma ɗauki matasa kusan miliyan 3 kafin a rufe ta a 1942.

Waɗancan magina na farko sun fi damuwa da a haɗa wannan ƙololuwa da waccan ta gajeriyar hanya. Sun sare rassa, sun shafa farin fenti a jikin itatuwa don nuna hanya, alamar da har yau ake yin ta da faɗin santimita 5 da tsawon santimita 15, amma a wurare da dama sun miƙe da turbar sama kai tsaye, daidai inda ruwa zai bi idan zai gangaro. Lokacin da matafiya ba su da yawa, illar ba ta fito ba. Da yawon daji ya karɓu a shekarun 1960 da 1970, sai ciyawa ta mutu, ƙasa ta daddale, ruwa ya sami magudana a shirye. Sassa da yawa suka rikiɗe suka zama kwazazzabai cike da duwatsu da saiwoyi a waje, matafiya kuma suka riƙa raɓawa ta gefe suna ƙara wa ɓarnar faɗi. Daga wannan darasi ne aka fahimci cewa kyakkyawar niyya da ƙarfin damtse ba su isa ba sai an haɗa da ilimi.

Dokoki uku ne suka share fagen horon. Dokar Tsarin Hanyoyin Ƙafa na Ƙasa ta 1968 ta sanya Hanyar Afalachiya da takwararta ta yamma, Pacific Crest, ƙarƙashin kariyar gwamnatin tarayya. Wata doka ta 1972 ta ba Hukumar Dazuzzuka ta Amurka ikon karɓar masu aikin sa-kai, ta kuma ba su kariya irin ta ma'aikata idan suka ji rauni a bakin aiki. Dokar Dawa ta 1964, wadda ta riga su, ta hana amfani da injuna a yankunan da aka keɓe a matsayin dawa, abin da ya tilasta a ci gaba da koyar da aikin gatari da dogon zarto na mutum biyu a zamanin da zarton inji ya riga ya mamaye ko'ina. A 1984 hukumar da ke kula da gandayen shaƙatawa na ƙasa ta miƙa wa ƙungiyar Hanyar Afalachiya, wadda ake kira ATC a taƙaice, alhakin kula da filayen da aka saya domin hanyar. Mataki ne da ba a saba gani ba, gwamnati ta damƙa dukiyar jama'a a hannun 'yan sa-kai, kuma shi ya sa horo ya zama wajibi, tunda wanda aka ba amana dole ya san aikin.

Ɓangaren masu keke ya kawo nasa gudummawar. A 1988 ƙungiyoyi biyar na masu hawan keken dutse a Kalifoniya suka haɗu suka kafa IMBA, a lokacin da ake rufe musu hanyoyi bisa zargin cewa tayoyinsu ne ke lalata ƙasa. Hujjar da suka kafa ita ce mugun tsari ne ke lalata hanya, ko wane ne ya bi ta. Don tabbatar da haka, daga 1997 ƙungiyar ta fara tura ayarin malamai, mutum biyu-biyu a mota, da tallafin kamfanin Subaru, suna zagaya jihohi suna koyar da ƙungiyoyin gari da jami'an filaye. A 2004 ta tattara darussan a littafin Trail Solutions, wanda tare da ƙaramin littafin gina hanya da gyaranta na Hukumar Dazuzzuka ya zama abin dogaro ga malamai a ciki da wajen Amurka.

Horon da aka fi sani yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku. Ana fara shi a aji da safe, a ƙarasa a daji da kayan aiki a hannu. Darasin farko shi ne awon gangara. Ana lissafa ta da kashi cikin ɗari: hanyar da ta tashi mita 10 a tafiyar mita 100 gangararta kashi 10 ce. Abin awon wata 'yar na'ura ce da ke shiga tafin hannu, ana kai ta ido a leƙa. Ɗalibai biyu sukan tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri suna fuskantar juna, mai na'urar ya nemi inda sifili ya faɗo a jikin abokinsa, ko goshi ko haɓa ko kafaɗa, gwargwadon bambancin tsayinsu. Daga nan duk inda abokin ya tsaya a kan tudu, wannan gaɓar za a saita a karanta lambar. Malamai kan sa ɗalibai su fara kintata gangarar da ido kafin su auna, kuma sau da yawa kintacen yakan kauce wa awon nesa ba kusa ba. Manufar ita ce ɗalibi ya daina yarda da idonsa har sai ya horar da shi.

A kan wannan awo aka gina ƙa'idoji biyar da IMBA ta yaɗa. Ta farko ita ce ƙa'idar rabi: gangarar hanya kada ta wuce rabin gangarar gefen tudun da take ratsawa. Idan gefen tudu kashi 20 ne, hanyar kada ta haura kashi 10, domin da zarar ta haura, ruwan da ke gangarowa zai bar tafarkinsa ya bi hanyar. Wannan ƙa'ida ta fi kama mutane a wuraren da gangarar ba ta da tsanani, inda tudu mai kashi 6 kacal ke buƙatar hanyar da ba ta wuce kashi 3 ba, alhali ido na ganin wurin kamar ba shi da wata matsala. Ta biyu ita ce matsakaiciyar gangarar hanya daga farko zuwa ƙarshe ta tsaya a kashi 10 ko ƙasa da haka. Ta uku ta shafi iyakar da gajeren sashe zai iya kaiwa, wadda galibi ake sanya ta tsakanin kashi 15 zuwa 20, amma takan sauka sosai a ƙasa mai yashi, ta kuma hau a kan falalen dutse ko inda aka daɓe da dutse. Yawan ruwan sama na yankin da irin masu bin hanyar duk suna shiga lissafin.

Ƙa'idoji biyu na ƙarshe su ne ke fitar da ruwa. Ɗaya ita ce a riƙa karya gangarar: hanyar da ke hawa ta ɗan sauka na 'yan mitoci sannan ta sake hawa, ta yadda kowane ɗan kwari zai zama mafitar ruwa, kuma ruwan da ya taru a sashe ɗaya ba zai wuce zuwa na gaba ba. Ɗayar kuma ita ce a karkata doron hanyar zuwa ɓangaren gangare da kimanin kashi 5, karkatar da mai tafiya ba zai ji ta a idon sawunsa ba, amma ta isa ta sa ruwa ya tsallaka a shimfiɗe. Wasu malamai kan kwantar da gorar ruwa da ba ta cika ba a gicciye bisa hanyar, ɗalibai su duba inda ruwan ya karkata. Hikimar dai ita ce ta manomin da ke yin kunya a gicciyen gangare don kada ruwa ya yi gudu ya kwashe masa ƙasa. A da an fi dogara da gindaya gungume ko jerin duwatsu a kaikaice don kautar da ruwa, amma irin wannan shinge yakan cika da yashi, gungumen ya ruɓe, matafiya kuma su riƙa kewaye shi. Shi ya sa horon zamani ya fi son mafitar da aka gina a cikin surar hanyar tun daga tsari.

Bayan awo sai kafa tutoci. Ɗalibai sukan fara gano wuraren da dole hanya ta taɓa, kamar mashigin rafi mai tauri ko tsaunin da ake hango ƙasa daga kansa, da waɗanda dole ta kauce musu, kamar fadama, da mazaunin tsiro ko dabbar da ke fuskantar ƙarewa, da kufai mai tarihi. Sannan a bi tsakaninsu ana soka ƙananan tutoci masu launi a ƙasa. A nan ake koyar da halin ɗan Adam. Mutum in ya hango ruwa ko ƙololuwa zai nufe ta ko hanya ta kai shi ko ba ta kai shi ba, in kuma ya ga lanƙwasa biyu kusa da juna zai yanke ta tsakiya. Don haka ake nisanta lanƙwasa da juna, ake ɓoye ɗaya daga ɗaya da dutse ko kurmi, ake kuma kai hanya inda zuciyar matafiyi ke so tun kafin ya buɗe tasa.

Haƙan kansa yana da tsari. Ana fara kwashe ruɓaɓɓen ganye da baƙar ƙasar sama har a kai ga ƙasa mai tauri, domin ta sama tana riƙe ruwa kuma ba ta daddaluwa. Sai a yanki gefen tudun a fitar da cikakken dandamali, faɗin hanyar duka ya zauna a kan ƙasar asali. Sabon ɗalibi yakan so ya yanki rabi ya cike rabi da ƙasar da ya haƙo, saboda ya fi sauƙi, amma cikon yakan zame bayan damina ɗaya ko biyu. Ƙasar da aka haƙo watsa ta ake yi can ƙasan gangare, kada ta taru a bakin hanya ta tare ruwa. Bangon da ya rage a sama kuma a kwantar da shi yadda tsiro zai sake kama shi.

Kayan aiki biyu da suka fi shahara an aro su ne daga masu kashe gobarar daji. Pulaski gatari ne ta fuska ɗaya, ta ɗayar kuma siririyar fartanya, kuma an sa masa sunan Ed Pulaski, jami'in daji da ya ceci mafi yawan mutanensa a babbar gobarar Idaho ta 1910. McLeod faffaɗar fartanya ce ta gefe ɗaya, manjagara mai manyan haƙora ta ɗaya gefen, ana kuma daddale ƙasa da tafinta. Sunan Malcolm McLeod ta ɗauka, jami'in daji a Kalifoniya a farkon ƙarni na 20. Akwai kuma diga da shebur da guduma da dogon ƙarfen banƙarar dutse. Ba a fara aiki sai an yi jawabin kiyaye haɗari: kowa da hular kwano da safar hannu, a bar tazarar kimanin mita 3 tsakanin masu sara, a riƙe kayan aiki a hannu ta ɓangaren gangare da kaifin yana kallon ƙasa, kada a saɓa a kafaɗa, kuma mai son wucewa ya yi magana ya jira a amsa masa. Aikin zarto yana da nasa shaidar ƙwarewa mai matakai uku, A da B da C, bisa tsarin da Hukumar Dazuzzuka ta daidaita a 2016 ga ma'aikata da 'yan sa-kai baki ɗaya.

Aikin dutse shi ne ƙololuwar sana'ar, kuma babu inda ya fito fili kamar Bear Mountain, wurin da aka buɗe sashen farko na Hanyar Afalachiya. Kusancinsa da birnin New York ya sa jama'a suka yi masa yawa, an sauya wa hanyar wuri sau da dama, kowane sauyi kuma ya zaizaye. Daga 2006 zuwa 2018 ƙungiyar hanyoyin New York da New Jersey, wadda aka kafa a 1920, ta sake gina sashen da matakala fiye da 1,000 na dutsen da aka fasa a wurin. Ana huda dutse a jere, a cusa ƙananan ƙarafa, a bi su da guduma ɗaya bayan ɗaya har ya tsage a miƙe, sannan a ɗaga shi da igiyar ƙarfe da aka ɗaure tsakanin itatuwa a kai shi mazauninsa ba tare da an ja shi a ƙasa ba. Ƙwararrun magina ne suka jagoranci aikin, amma an mai da wurin makaranta, inda ɗaruruwan 'yan sa-kai suka koyi fasa dutse da gina bangon da ba siminti. Abin da ake nanata musu shi ne dutsen da mutum ɗaya zai iya ɗauka ya yi ƙanƙanta da zama matakala, kuma dutsen da ya motsa da aka taka shi sai an tone shi an sake zaunar da shi.

Horon ya yaɗu a duk faɗin Amurka ta hannun ƙungiyoyi daban-daban. Ƙungiyoyi kimanin 30 ne ke raba Hanyar Afalachiya a tsakaninsu, kuma a shekarun da suka gabaci 2020 masu sa-kai kusan 6,000 ne ke ba da sama da awa 200,000 a shekara. Ayarin Konnarock, wanda ATC ta kafa a farkon shekarun 1980 kuma sansaninsa ke kudu maso yammacin Bajiniya, yana karɓar mutanen da ba su taɓa riƙe diga ba, su yi kwanaki a daji ƙarƙashin ƙwararrun shugabanni. A yamma, ƙungiyar Pacific Crest, mai kula da hanyar kilomita 4,265 daga iyakar Meksiko zuwa ta Kanada, tana shirya tarukan koyon sana'ar a kowace shekara. Ƙungiyar ɗalibai ta SCA tana tura matasa wannan aiki tun 1957, a Kolorado kuma an kafa wata ƙungiya a 1994 musamman don hanyoyin manyan duwatsun jihar, inda tsiron can sama ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya farfaɗo daga tattaki.

A Birtaniya salon ya bambanta saboda yawan ruwan sama da laushin ƙasa. Shirin Fix the Fells, wanda aka fara a 2001 a yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila, ya dogara da daɓen dutse, jirgi mai saukar ungulu na kai duwatsun kan tudu, 'yan sa-kai da aka horar kuma suna zagayawa suna yashe magudanai. A wasu wurare masu taɓo ana shimfiɗa gashin tumaki a ƙarƙashin tsakuwa don kada hanyar ta nutse. Daɓen dutse a kan gangare ba sabon abu ba ne a duniya. Hanyoyin Sukur da ke duwatsun Mandara a jihar Adamawa, wurin da UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, an daɓe su da dutse tun ƙarnoni da suka wuce, kuma har yanzu ana bin su.

Muhimmancin horon ya fi bayyana idan aka dubi girman aikin. Wani rahoto da ofishin binciken ayyukan gwamnatin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa Hukumar Dazuzzuka na da hanyoyin yawon shaƙatawa na kimanin mil 158,000, wato sama da kilomita 250,000, amma kusan rubu'insu ne kawai suka cika ƙa'idojin hukumar, kuma gyaran da ya taru an ƙiyasta shi a kan dala miliyan 314. Rahoton ya gano cewa hanyoyi da yawa tun asali ba a tsara su don su ɗore ba, ya kuma lura cewa kula da 'yan sa-kai yana cin lokacin ma'aikata. Binciken Jeffrey Marion, masanin tasirin yawon shaƙatawa a kan muhalli da ya yi aiki da hukumar binciken ƙasa ta Amurka da Jami'ar Virginia Tech, ya tabbatar da abin da magina suka gani da ido: tsananin gangara da yadda hanya ta fuskanci gefen tudu suna cikin manyan abubuwan da ke ƙayyade yawan ƙasar da za ta salwanta.

Saboda haka horar da jami'in da ke riƙe da fili ya fi horar da mai riƙe da diga tasiri, ko da yake ba shi aka fi gani ba. Jami'in ne ke amincewa da inda hanya za ta bi, shi ke neman izinin binciken muhalli, shi ke yanke hukuncin ko a ci gaba da facin tsohon sashe ko a rufe shi a gina sabo. Idan bai san ƙa'idar rabi ba, zai iya tura mutane hamsin su yi wuni suna gyara turbar da ruwan farko zai sake kwashewa, mutanen kuma su gaji su daina zuwa. Tsarin yana da masu sukarsa. Wasu matafiya na ganin hanyoyin zamani sun yi laushi da tsawo, sun kuma rage wa daji kwarjininsa, a Birtaniya ma an soki wasu daɓen dutse na farko da cewa ba su da daɗin taku har mutane na kauce musu. Sukar tana da tushe a inda aka ɗauki lambobin a matsayin doka aka manta cewa jagora ne, kuma ƙwararrun malamai da kansu suna koyar da cewa ƙasa da ruwan kowane wuri ne ke da maganar ƙarshe.

Bayan wancan rahoto na 2013, a watan Nuwamba na 2016 aka sanya hannu kan wata dokar tarayya da ta umarci Hukumar Dazuzzuka ta ninka gudummawar 'yan sa-kai da ƙungiyoyin haɗin gwiwa a gyaran hanyoyi cikin shekara biyar. A 2018 ma'aikatar noma, wadda hukumar ke ƙarƙashinta, ta bayyana yankuna 15 da za a ba fifiko wajen aiwatar da ita.